Bayanin Ji da Saurare ga Mai Neman Ilimi

Ka sani ya kai almajiri, Allah ya buɗe maka, ilimi ta kunne yake shiga kafin ya zauna a zuciya, kuma ba kowane mai kunne ne mai saurare ba.

Fasali na farko. Na ce maka martabobin nan huɗu ne. Ta farko ji, watau sama'u: sauti ya faɗa kunnenka ba da nufinka ba, kamar mai wucewa kasuwa ya jiyo ana karatu a zaure. Ta biyu saurare, watau istima'i: ka nufi jin, ka karkata kunne. Ta uku insatu: ka kame bakinka domin jin. Ta huɗu kiyayewa: zuciya ta fahimta, ta riƙe, har ka bayar yadda ka karɓa.

Kada ka zaci rabewar suna ce kawai, hukunci yana bisa kanta. A mazhabar Malik, wanda ya zauna sauraren mai karatu domin koyo shi ke yin sujadar tilawa tare da shi, in mai karatun ya cancanci limanci. Wanda ya jiyo ayar yana wucewa ba a neme shi da ita ba. Ranar Juma'a kuwa, in liman yana huɗuba, yin shiru wajibi ne ko ga wanda murya ba ta kai gare shi ba, ba ya ko amsa sallama.

Fasali na biyu. Alƙali Iyalu, wanda ya rasu shekara ta 544 ta Hijira, da Ibnus Salahi, wanda ya rasu 643, sun lissafa hanyoyi 8 na ɗaukar hadisi. Biyun farko bisa kunne suke tsaye: malam ya faɗa kana ji, ko a karanta masa yana saurare yana gyarawa, shi ne arlu. Imam Malik, wanda ya rasu 179, ya daidaita su, kuma karanta masa Muwaɗɗa ake yi. Muslim ya keɓe lafazin haddasana ga ta farko, akhbarana ga ta biyu. Buhari bai rabe su ba.

Mas'ala. Wanda yake rubutu ana cikin karatu, jinsa ya inganta? Malamai sun saɓa. Ibnus Salahi ya rarrabe: in rubutun ya hana shi fahimta, bai inganta ba. Domin haka aka so malam ya ba mahalarta ijaza bayan karatu, ta cike abin da gyangyaɗi ko rafkana ya ci.

To ka ji tsoron Allah, kada ka ce malam ya ce alhali jiyowa ka yi, domin kalma guda da ta kuɓuce maka takan mayar da haram halal a kan wanda ya karɓa daga gare ka. Allah ne masani.