Siffar Mace Mai Ilmi a Bakin Ɗaliban Jami'a: Misali Daga Katsina

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu duba wasu kalmomi da ɗalibai maza ke siffanta 'yan uwansu mata da su, kamar yadda muke jinsu a farfajiyar makaranta da kuma zaurukan hira na unguwanni irin su Kambarawa cikin birnin Katsina. Ya kamata mu tuna cewa Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 ta maza ce zalla. Kafin a kafa Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2006 mata sun daɗe da shiga aji, amma harshe bai yi saurin bin sawunsu ba.

Mu ɗauki ɗan boko da 'yar boko. A nahawu jinsi kaɗai ya raba su, amma a ma'ana akwai rata. Ɗan boko mai ilmin zamani ne, ko da an faɗa da ba'a. 'Yar boko kuwa, sau da yawa ana nufin wadda idonta ya buɗe, wadda ba za ta zauna ƙarƙashin miji ba. Paul Newman ya nuna a 2013 cewa boko kalmar Hausa ce mai ma'anar jabu, kamar a amaryar boko, watau wadda ba ita ce ta ainihi ba. A ganinmu wannan tsohuwar ma'ana ta fi manne wa mace.

Kilaki ta fi wannan muni. Asalinta kalmar Ingilishi ce ta ma'aikacin ofis. Namiji mai wannan aiki ya tsira da akawu, sunan mutunci. Ita kuwa kilaki ta gangara ta zama sunan karuwar zamani.

Sai kwantai, wadda kalmar kasuwa ce, watau hajar da aka wuni ba a saya ba. Ɗalibar da ta tsaya yin digiri na biyu ba ta yi aure ba, da ita ake jifarta, alhali tuzurun ajinsu cewa ake yi yana neman abin kansa. Ba mu kaɗai ke da irin wannan ba: a 2007 Ma'aikatar Ilmi ta ƙasar Sin ta sanya shengnü, watau ragowar mata, cikin jerin sababbin kalmomi, kuma masu ilmi mai zurfi aka fi laƙaba wa ita. Abin da ya fi damunmu shi ne uban da ya ji ana kiran 'yar maƙwabcinsa kwantai yana iya tsayar da tasa a sakandare.