Ka sayi gida a gwanjo, amma da mutane a ciki: me doka ta ce?



Kwanakin baya wani abokina da ke harkar shanu a kasuwar Sheme ya kira ni da dare, ransa a ɓace. Ya sayi gida a gwanjo, gidan wani bawan Allah da ya jinginar wa banki ya kasa biyan bashi. Ya biya kuɗi cif, amma da ya je sai ya tarar da iyalin mutumin a ciki, ga ɗan haya a shagon ƙofar gida. Wai shawarar da aka ba shi, ya ɗebo matasa su cire ƙofa da kwanon rufi. Na ce masa wallahi kada ka soma.

Dalili shi ne, sayen gida ya ba ka mallaka, amma fitar da mutum aikin kotu ne. A 1986 Kotun Ƙoli ta tsawata wa gwamnatin soja ta jihar Legas saboda ta fitar da Odumegwu Ojukwu da ƙarfi daga wani gida a Ikoyi alhali magana tana gaban kotu. To idan gwamna mai sojoji bai tsira ba, ina ga ni da kai? Ka fasa ƙofa, kai da ka zo da gaskiya sai ka koma wanda ake ƙara, har a sa ka biya diyya.

Matakin farko, gyara takardunka. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce gidan da ke da shaidar mallaka ta gwamna ba ya canza hannu sai da amincewar gwamna. Filayen gargajiya irin na garuruwanmu kuwa, amincewar ƙaramar hukuma ake nema, sai dai in kotu ce ta sa aka sayar, nan ma sai gwamna. Kada ka raina wannan. A shari'ar Savannah Bank da Ajilo ta 1989, rashin amincewar gwamna ne ya rushe jinginar baki ɗaya.

Na biyu, idan gwanjon kotu ne, akwai kwana 21 da doka ta ware domin mai ƙorafi ya nemi a soke cinikin. Bayan sun wuce ne kotu za ta ba ka takardar shaidar saye. Kafin nan kada ka zuba ko bulo ɗaya.

Na uku, ka tantance su wane ne a ciki. Idan wanda ake bi bashin ne da iyalinsa, lauyanka zai nemi umarnin kotu na a miƙa maka gidan, ma'aikatan kotu ne kuma za su zartar. Ɗan haya daban ne, shi bai ci bashin kowa ba. Ƙa'idar da aka saba, in babu wata yarjejeniya a rubuce: mai biyan wata-wata notis ɗin wata ɗaya, mai biyan shekara wata shida. Bayan ya ƙare sai wani notis na kwana 7, sannan a je kotu. Kuskure ɗaya a lissafin kwanakin nan na iya mayar da kai farko.

Amma jama'a, kafin duk wannan, a gwada sulhu. Mun san halin da yankinmu na Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara ke ciki. Wata ƙila mutanen da ke cikin gidan ba su da ƙauyen komawa saboda 'yan bindiga. Ka samu mai unguwa da liman, a zauna, a sa wa'adi, a rubuta, kowa ya sa hannu gaban shaidu. Sau da yawa wata uku na haƙuri ya fi shekara biyu ana zarya a kotu a Funtuwa.

Abokina dai ya bi shawara. An ba iyalin wa'adi zuwa bayan girbi, ɗan hayan kuma yanzu shi yake biya.

Kafin ka ɗauki mataki ka ga lauya da takardunka a hannu. Ku rubuto mana tambayoyinku a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah ya raba mu da bashi.