Masu Gida a Kan Ruwa: Hunturu a Gaɓar Bahar Maliya

Shirinmu na musamman na yau zai kai mu gabashin Sudan, bakin Bahar Maliya, wurin wasu mutane da suka mai da jirgin ruwa gidansu. A ciki suke kwana, a ciki suke girki, wasu ma a ciki suke rainon 'ya'yansu. Jiragen nasu ƙanana ne, yawanci tsawonsu mita 11 zuwa 14, da doguwar sanda a tsakiya wadda ake ɗaura wa manyan filafilai na ƙyalle mai kauri, iska ta cika su ta tura jirgin gaba. Akwai inji, amma ba a cika tayar da shi ba sai iska ta ɗauke ko za a shiga tasha. Mafi yawansu Turawa ne da Amurkawa da mutanen Ostareliya, sau da yawa miji da mata da suka ajiye aiki, suka sayar da gida ko suka ba da shi haya, suka kama hanyar zagaya duniya.

Me ya sa sai da hunturu suke bayyana a wannan gaɓa? Iska ce ke tsara musu kalanda. Daga Disamba zuwa Maris, daidai lokacin da buji ke rufe sararin Kano da Damagaram, wata iska mai ɗorewa takan taso daga arewa maso gabas ta ratsa tekun Indiya. Ita ke ɗauko su daga Tailan da Siri Lanka da tsibiran Maldif, ta kawo su Jibuti. Daga nan sai su shige ta Babul Mandab, ƙofar Bahar Maliya ta kudu, wadda faɗinta bai wuce kilomita 30 ba. A watannin sanyi iskar kudancin wannan teku daga kudu take busowa, saboda haka tana bayansu har su wuce Masawa ta Eritiriya. Sannan a wannan lokaci zafi yakan ragu. A Fot Sudan, watan Janairu da rana ma'aunin zafi kan tsaya wajen 27, alhali a Yuli da Agusta yakan haura 40. Ɗan ruwan saman da gaɓar ke samu ma a waɗannan watanni na sanyi yake sauka, akasin sauran ƙasar Sudan.

To amma daɗin yakan ƙare a wajejen Sawakin. Daga nan zuwa mashigin Suwez, tafiyar kusan kilomita 1,300, iskar arewa ce ke mulki kusan duk shekara, kuma a fuska take dukan mai zuwa Masar. Jirgin filafili ba ya iya fuskantar iska kai tsaye. Sai dai ya karkata dama ya yi nisa, ya juyo ya karkata hagu, yana cin hanya kaɗan-kaɗan. Ko da komai ya yi daidai, gudunsa bai fi na mai keke da ba ya sauri ba, kilomita 10 ko 11 a awa. Idan iskar ta yi ƙarfi, igiyoyin ruwan Bahar Maliya gajeru ne masu tsini, suna zuwa bi da bi, jirgi ya yi ta sara a wuri ɗaya kamar ba ya motsi. Shi ya sa masu hankali ba sa jayayya da ita. Da asuba, kafin ta farka, sai su ɗaga anka su yi tafiyar awa biyar ko shida, su faɗa wani lungu su ɓuya. Wani lokaci a lungun nan za su yi mako guda suna jira.

Waɗannan lunguna su ne arzikin gaɓar Sudan. Mutanen wurin suna kiransu marsa: wata siririyar hanyar ruwa ce da ta tsaga duwatsun murjani ta kutsa cikin hamada, a ciki ruwa kwance lamui, ko da teku na hauka a waje. Wanda ya shiga irin su Kor Shinab, can arewa, zai ga ruwa shuɗi, ga rairayi, ga jajayen tsaunuka a bayansa, ga raƙuman ƙabilar Beja suna kiwo a bakin gaɓa, shaho mai kamun kifi na shawagi. Babu otal, babu shago, babu wutar lantarki.

Shiga marsa kuwa sai da ido. Taswirorin wannan yanki da yawa an gina su ne kan tsohon awo, kuma murjani abu ne mai rai, yana girma. Sai rana ta ɗaga sosai, tana sama ko a bayan matuƙi, sannan launin ruwa ke faɗin gaskiya: shuɗi mai duhu zurfi ne, kore-kore ya fara yin tudu, ruwan ƙasa-ƙasa kuwa dutse ne da zai huda cikin jirgi. Mutum ɗaya yakan tsaya a goshin jirgi, ko ya ɗare sandar tsakiya, yana nuni da hannu, ɗayan na riƙe da sitiyari. Ma'auratan da ba su iya sauraron juna ba, wannan gaɓa ba tasu ba ce.

Masu sauraro, kada wani ya ji ana cewa yawon buɗe ido ya ɗauka hutu ne. Ruwan sha shi ne damuwa ta farko. Tankin jirgi lita ɗari uku ne ko huɗu, wanka da wanke-wanke duk a ciki. Masu hali suna da na'urar tace ruwan gishiri, wadda ke cin wutar da farantan sola suka tara. Marasa ita sai ɗaukar jarka duk inda aka samu famfo. Ruwan Bahar Maliya kuwa ya fi na sauran manyan tekuna gishiri, wajen giram 40 a kowace lita, saboda rana na ƙone shi kuma babu wani kogi mai gudu duk shekara da ke zuba cikinsa. Gishirin nan da ƙurar hamada su ke cin igiya, su ci ƙarfe, su toshe inji. Mai jirgi shi ne makanike, shi ne tela mai ɗinke filafili, shi ne mai gyaran famfon bayan gida. Idan tafiyar dare ta kama, ana karɓa-karɓa, wannan ya yi gadi awa uku wancan ya runtsa, domin manyan jiragen dakon kaya da ke bin tsakiyar tekun ba lallai su hango ɗan ƙaramin jirgi ba. Abinci gwangwani ne da shinkafa da taliya, sai kifin da aka kamo da ƙugiyar da ake ja a bayan jirgi.

To me suke samu a madadin wannan wahala?

Rashin kogin nan da ya ƙara wa ruwan gishiri shi ne kuma ya sa ya yi garau, har mutum na iya hango ƙasa daga kan jirgi. Kimanin kilomita 25 daga gaɓa akwai Sanganeb, wani zoben murjani da ya taso daga ƙarƙashin teku mai zurfin gaske, a kansa hasumiyar fitila mai tsawon kusan mita 50. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi, tare da yankin Dungunab da tsibirin Mukawwar, cikin wuraren tarihi na duniya. A Dungunab ɗin ne ake samun wata dabbar ruwa mai cin ciyawa, 'yar uwar ayun da masuntanmu na Neja da Binuwai suka sani. Gaba kaɗan da Sanganeb akwai Sha'ab Rumi, inda a 1963 Bafaranshen nan Jak Kusto ya kafa ɗakunan ƙarfe a zurfin mita 10, mutanensa suka zauna ciki wata guda don a gwada ko ɗan Adam zai iya rayuwa a ƙarƙashin ruwa. Ragowar ginin na nan, murjani ya lulluɓe shi.

Sai kuma Umbriya, dab da tashar Fot Sudan. Jirgin Italiya ne mai tsawon kusan mita 150, ya ɗauko bama-bamai 360,000 zai kai Eritiriya, wadda a lokacin take hannun Italiya. Ingilishi suka tsare shi da sunan bincike. Ranar 10 ga Yuni 1940 kyaftin ɗin ya ji a rediyo cewa ƙasarsa ta shiga yaƙin duniya na biyu, tun kafin masu tsaron nasa su ji. Sai ya sa aka buɗe wa jirgin ruwa a asirce, ya nutse da kayansa don kada su faɗa hannun abokan gaba. Har yau yana kwance a gefensa, bama-baman na jere a ciki, tare da motoci da kwalabe, masu nutso na kai da kawo a tsakaninsu.

Amma a ganina, duk wannan bai kai Sawakin ba, kuma a nan ne labarin ya shafe mu.

Sawakin tana kudu da Fot Sudan da tafiyar kusan awa guda a mota. Jirgi yakan bi wata doguwar hanyar ruwa ya iske ɗan tsibiri kewayayye a tsakiya, ya jefa anka dab da kangaye. Nan ne masu jiragen filafili suka fi son yin takardun shiga ƙasa. Wani ejan ya karɓi fasfo, ya kawo man dizal da ruwa a jarkoki, su kuma su tsallaka kasuwa su sayi burodi da tumatir da albasa, su zauna a rumfa su sha gahawar Beja mai citta. Shekaru ɗaruruwa wannan tsibiri shi ne babbar tashar wannan ɓangare na Afirka. Daular Usmaniyya ta riƙe shi tun ƙarni na 16, ya koma hannun Masar a 1865, Usman Digna, kwamandan Mahadi, ya yi ta kai masa farmaki a shekarun 1880. Gidajensa masu hawa biyu da uku da dutsen murjani aka gina su, da tagogin katako masu sassaƙa irin na tsohuwar Jidda.

Ba yaƙi ne ya rushe Sawakin ba. Hanyar shigarta ta yi wa manyan jiragen zamani ƙunci, sai Ingilishi suka fara gina Fot Sudan a 1905, suka buɗe ta a 1909. 'Yan kasuwa suka kwashe suka koma can. Dutsen murjani kuwa yana buƙatar a riƙa shafe shi da farar ƙasa. Da aka daina, danshi da gishiri suka shige shi, bene bayan bene ya zube. A ƙarshen 2017 shugaban Turkiyya Erdogan ya ziyarci garin aka yi yarjejeniyar gyara, an kuma gyara masallatan Hanafiyya da Shafi'iyya da wasu 'yan gine-gine. Sauran tarin duwatsu ne.

Ta wannan tasha kakanninmu suka riƙa tsallakawa zuwa Makka. Mutum ya bar Kano ko Katsina ko Sakkwato a ƙasa ko a kan jaki, ya ratsa Barno da Wadai da Darfur, ya tsaya ya yi noma ko ƙwadago ya tara guzuri, ya ƙara gaba. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa Sudan, garin Mai Wurno na bakin Shuɗin Nilu na nan da sunansa. Da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925, alhazan hanya da yawa a can suka yi aikin da ya biya musu kuɗin jirgi. Wasu tafiyar ta ci musu shekara biyar, wasu goma, wasu ba su koma ba. Zuriyarsu ce Hausawan da ke Fot Sudan da Kasala da Gadarif a yau. Daga Sawakin zuwa Jidda kimanin kilomita 300 ne, kuma talakawa da dama a jiragen katako masu filafili, waɗanda ake kira sambuk, suka tsallaka, a cunkushe, ba inji ba na'ura. Iskar arewan da Bature ke ɓuya mata mako guda da firjinsa da taswirarsa ta kwamfuta, ita suka shiga da buta da ƙullin gari. Ban faɗi haka don rage wa masu jiragen yau komai ba. Jarumtarsu ta gaske ce. Sai dai su sun zaɓi wahalarsu, kuma suna rubuta ta dalla-dalla, kowace marsa da zurfinta da irin ƙasan da anka ke kamawa. Namu mutanen kuwa kaɗan ne daga cikinsu aka rubuta labarinsu.

Yau hanyar ta ƙara tsauri. Tun a Fabrairun 2011 'yan fashin tekun Somaliya suka kashe Amurkawa huɗu a wani jirgin filafili mai suna Quest, abin da ya sa da yawa suka gwammace zagayawa ta Afirka ta Kudu. Yaƙin Sudan ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, gwamnati ta koma Fot Sudan da zama, dubban mutane suka tsere ta tekun zuwa Jidda. A Nuwamban shekarar 'yan Huthi na Yaman suka fara kai wa jiragen ruwa hari a kudancin Bahar Maliya, a Mayun 2025 kuma jirage marasa matuƙa suka kai hari kan rumbunan mai da filin jirgin saman Fot Sudan. Akwai masu ƙarfin halin da ke bi har yanzu, amma ba kamar da ba, kuma ejan da mai burodi da mai kai masu nutso Umbriya duk sun ji a jikinsu. Tashar Usman Digna da ke Sawakin dai tana aiki, jiragen fasinja da na tumaki na zuwa Jidda.

Kafin mu sallame ku, ga roƙonmu. Idan a gidanku ko a unguwarku akwai dattijo ko dattijuwa da ta yi hajjin ƙasa, ko ta ji labarinsa daga bakin iyayenta, ku zauna da ita da wayarku ku naɗi muryarta: ta ina suka bi, a ina suka yi damina, wane irin jirgi suka shiga a Sawakin, kwana nawa suka yi a kan ruwa. 'Yan uwanmu na Sudan da ke sauraronmu, wannan roƙo ya fi shafarku, Allah Ya kawo muku zaman lafiya.