Cefane a Gidan Mai Takaba

Idan aka yi sadakar bakwai, aka naɗe tabarmin ƙofar gida, kwanukan abincin maƙwabta suka fara raguwa ɗaya bayan ɗaya, to a sa'an nan ne matar mamaci take gane nauyin da marigayin ya kasance yana ɗauke mata, tun daga kuɗin cefane da yakan ajiye kafin ya fita, har zuwa kuɗin makarantar yara da na haya, waɗanda ba su jiran hawaye su bushe.

Muddar takaba wata 4 ce da kwana 10, kamar yadda aya ta 234 ta Suratul Baƙara ta hukunta, mai juna biyu kuwa sai ta sauka. Amma al'ada ta tsananta abin da shari'a ta sassauta, domin malamanmu na Malikiyya sun halatta mata fita da rana don lalurarta, asibiti ne ko wurin sana'a, muddin ta bar ado da turare, ta kuma kwana a ɗakinta. Idan gidan mallakin marigayi ne, ko ya riga ya biya hayarsa, babu magajin da ke da ikon tashinta kafin ta gama.

Mas'alar da ta fi ci mini rai ita ce ta ciyarwa, gama a mazhabarmu mai takaba ba ta da nafaƙa daga dukiyar da aka bari, sai dai ta ci daga rabonta, wato tumuni idan akwai 'ya'ya, rubu'i idan babu, kishiyoyi kuma tarayya suke yi a cikinsa, bayan an fitar da kuɗin jana'iza da bashi (ragowar sadakinta ma bashi ne) da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba. Saboda haka ƙanen miji da ya riƙe makullin shago yana cewa, "Haba yaya, tun yanzu ake zancen gado?" haƙiƙa ya hana ta abincinta ne, alhali kunya ta rufe mata baki.

Ya kamata ta adana takardun gida da na banki, a karɓo mata shaidar mutuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, a rubuta basussuka a gaban shaidu, sannan ta wakilta mahaifinta ko yayanta ya nemi malami masanin gado, in abin ya faskara ya kai maganar gaban alƙali.