Yardar Majiyyaci: Sa Hannu Ko Fahimta?

A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, a binciken da ya shafi yara kimanin 200, inda 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a sanar da su cewa gwaji ne ba, kamfanin ya musanta, sannan ya sasanta da gwamnatin Kano a 2009.

A ganina, darasin bai tsufa ba. Takardar Turanci da aka dangwala wa yatsa cikin firgici ba yarda ba ce. Wajibi ne likita ya bayyana haɗarin da harshen majiyyaci, ya shaida masa yana da ikon ƙi. Gaggawa kan taƙaita bayani, amma ba ta soke haƙƙi.