Jirgin Yara: Yadda Ake Haɗa Kekunan Boris Su Zama Taragai

Keken boris abin wasa ne da yara ke ƙerawa da hannunsu a garuruwan arewa da dama, har da Samaru da Sabon Gari da Shika a yankin Zariya. Falanki ne guda, tsawonsa bai cika wuce mita ɗaya ba, da sanduna biyu a gicciye ƙarƙashinsa, ɗaya gaba ɗaya baya. A bakin kowace sanda ana cusa tsohon boris na mota, wato zoben ƙarfen nan mai ƙananan ƙwallaye a ciki, wanda bakanike ya cire ya yar. Sandar baya a kafe take da ƙusa. Ta gaba kuwa noti ɗaya ne ke riƙe da ita a tsakiya don ta riƙa juyawa, kuma da ƙafa ko igiya matuƙi ke sarrafa ta. A kan siminti ko kwalta, ƙararsa takan riga shi isowa.

Da wuya yara su tsaya a keke ɗaya. Da zarar an sami biyu ko uku a unguwa, wani zai kawo igiya a ɗaure su a jere, a ce an yi jirgi. Daga nan wasan ya sauya, domin kekuna uku a haɗe ba sa tafiya yadda kowannensu ke yi shi kaɗai.

A ƙasashen da dusar ƙanƙara ke zuba, ɗan'uwan keken boris shi ne katakon zamiya, wanda ba shi da ƙafafu, sulu kawai yake yi a kan ƙanƙara. Mutanen asali na ƙasar Kanada sun daɗe suna jan kaya a kan irinsa kafin ya zama abin wasa. A 1889 wani mai ƙera kayan noma a Amurka, Samuel Leeds Allen, ya yi rajistar wani nau'i mai sitiyari da ya kira Flexible Flyer. Haɗa biyu wuri ɗaya ma yana da tarihi. A garin St. Moritz na ƙasar Suwizalan, a ƙarshen ƙarni na 19, baƙi 'yan yawon hutu sun riƙa haɗa katakon zamiya biyu da falanki, na gaba yana juyawa, don mutane da yawa su hau tare. Daga nan aka sami wasan bobsled, wanda ya shiga gasar Olamfik ta hunturu ta farko a Faransa a 1924. Nijeriya ta shiga wannan fage a 2018 a Koriya ta Kudu, da tawagar mata uku: Seun Adigun da Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga. Kafin su sami abin zamiya na gaske, da wanda Seun Adigun ta haɗa da katako suka yi atisaye a birnin Houston, inda ba a saba ganin ƙanƙara ba.

Yaran Zariya kuwa ba daga can suka ɗauko tunanin jerawa ba. A ƙofar gida suka gan shi. Layin dogon Baro, wanda ya isa Kano a 1911, ta Zariya ya ratsa, kuma a gefen tasharsa Sabon Gari ya girma. Daga nan aka ja ƙaramin layi zuwa ma'adinan kuza na Jos, wanda aka rufe a 1957, aka kuma ja wani ta Funtuwa da Gusau har Ƙaura Namoda. Yau ma yaron Samaru ko Shika kullum yana ganin tirela na wucewa a titin Sakkwato, kai daban, jiki daban, ƙarfe ɗaya ya haɗa su.

Duk mai son ƙera jirgin yara, wurin da ya kamata ya fi ɓata lokaci shi ne mahaɗi, wato abin da ke tsakanin tarago da tarago. Igiya ita ce mafi sauƙin samu, ita ce kuma mafi haɗari. Igiya ta iya ja, amma ba ta iya turawa ba. Muddin na gaba yana gudu, a miƙe take. Da ya ci karo da yashi ko rami ya rage sauri, sai ta saki, na baya ya taho da dukkan nauyinsa ya bugi na gaba, sau da yawa a daidai inda yaro ya ajiye ƙafa ko yatsu. In na gaban ya sake zabura, igiyar ta fizgi na baya, yaron ya faɗi ta ƙeya. Ga shi kuma in ta yi lanƙwasa takan shiga ƙarƙashin boris ta sarƙe shi.

Maganin wannan shi ne gajeriyar sanda mai ƙarfi, ta katako ko ta ƙarfe, wadda za ta tsare tazara ɗaya kullum, ko ana gudu ko ana tsayawa. Sai dai ba a kafe ta kam. Dole ta iya juyawa dama da hagu saboda kwana, ta kuma ɗan yi sama da ƙasa saboda tudu da kwari. In an ɗaure ta tamau, da na gaba ya hau tudu sai ƙafafun na baya su tashi daga ƙasa, ko katakon ya tsage. Mai walda zai iya yi mata zobe a baki, a zura noti mai kauri daga sama, a bar ɗan sarari. Kan notin ya zauna a sama, yadda ko abin ɗaurinsa ya kwance ba zai zube ba. A kuma lulluɓe wurin da guntun tsohuwar taya. Jiragen ƙasa na farko a Amurka da zobe da ƙusa irin wannan ake haɗa su, ma'aikaci yana tsaye tsakanin taragai yana riƙe da zoben, kuma mutane da yawa sun rasa yatsu kafin mahaɗin da Eli Janney ya yi wa rajista a 1873 ya yaɗu. Yatsan yaro bai kamata ya sami hanyar shiga wannan wuri ba ko kaɗan.

Inda aka maƙala sandar ma yana da muhimmanci. Idan a jikin falankin na baya aka kafa ta, taragon zai riƙa yanke kwana: na biyu ya bi ta ciki fiye da na farko, na uku ya fi na biyu, har na ƙarshe ya faɗa lambatun da matuƙi ya kauce masa. Direbobin tirela sun san wannan, shi ya sa suke buɗe kwana sosai. Amma idan an haɗa sandar da sandar ƙafafun gaba mai juyawa, kowane tarago zai karkata ya bi kusan sawun na gabansa. Haka ake ƙera kekunan da ke jan akwatuna a jere a filin jirgin sama.

Akwai kuma wutsiya. In matuƙi ya ɗan karkace, tarago na biyu zai fi shi karkacewa, na ƙarshe kuwa sai ya yi ta kaɗawa kamar bulala. Yawan taragai da yawan gudu su ke ƙara abin. Saboda haka uku sun isa ga jirgin da ke gangara, huɗu kuma sai a fili mai shimfiɗa inda hannu ke ja. Yara sukan tura ƙaramin cikinsu can ƙarshe, alhali nan ne wuri mafi wuya. Mazaunin ƙarami shi ne tsakiya. Gaba na wanda ya iya tuƙi ne, baya kuma na babban yaro mai hankali, domin shi ne mai burki.

Wannan batu na burki yana ba mutane mamaki. An saba ganin burki a hannun direba, amma a ƙaramin jirgi irin wannan ya fi kyau a tarago na ƙarshe. In na gaba ya tsaya, na baya duk su taru su danne shi, jerin ya naɗe. In na baya ne ya riƙe, jerin ya miƙe ya tsaya a hankali. Burkin kansa ba wani abu ba ne: sanda ce a kan noti a gefen falanki, an naɗa mata roba a ƙasa, ana ja ta goga ƙasa. Ya fi dunduniya, ya fi silifa.

Gudun da ake samu ya wuce yadda ido ke tsammani. Abin da ya gangaro daga tudu mai tsayin mita 2 kacal, in ba abin da ya rage masa sauri, zai iso ƙasa da gudun da ya ɗan haura kilomita 22 a awa. Boris a kan siminti kuwa kaɗan yake ragewa. In gudu ya ninka biyu, ƙarfin karo yakan ninka huɗu. Don haka falanki ya zauna ƙasa-ƙasa, sandunan ƙafafu su fi shi faɗi don kada ya kife, kowane yaro ya sami mariƙi da matakin ƙafa, a kuma sa ɗan katako a bayan mazauni. Ba a naɗa igiya a hannu ko a ƙugu. Bakin ƙusa a lanƙwashe shi, katako a goge shi da samfefa, ƙarfe mai tsatsa a yar da shi, domin raunin da ƙasa da datti suka shiga yana iya jawo cutar tetanus.

Duk waɗannan ba sa buƙatar kayan da babu su a Sabon Gari, inda kafintoci da masu walda da masu sayar da tsofaffin kayan mota ke maƙwabtaka. Ilimin ma yana kusa. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a Samaru a 1962, tana da sashen koyar da zanen kayan masana'antu da na injiniyan inji, ga kuma Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya a Zariya. Mahaɗin jirgin yara aiki ne da ya cancanci ɗalibi ya zana shi da kyau, ya gwada shi da buhunan yashi a madadin yara, sannan ya miƙa wa masu sana'a su riƙa yi da araha.

Saura filin hawa. Boris ba ya tafiya a yashi, shi ya sa yara ke neman kwalta, kuma nan ne babban haɗarin yake. Titin da ya taso daga Kwangila ya ratsa Samaru zuwa Shika hanyar manyan motoci ce, kuma direban tirela ba zai hango abin da tsayinsa bai kai gwiwa ba. Gangaren da ya dace shi ne mai sauƙi, wanda ƙarshensa fili ne, ba titi ko kwalbati ko rafi ba. Harabar makaranta bayan an tashi, ko daɓen siminti da aka gama shanya hatsi a kai, sun wadatar, in akwai babba a tsaye yana kallo. Kafin a tashi, a duba kowane noti da hannu, mai burki ya gwada sandarsa, a kuma tabbata babu kowa a gaba.