Ko Kun Sani? Gishirin da Ke Dillanci Tsakanin Ruwa da Mai

Maganin wanke rauni irin Savlon yana ɗauke da sinadarin setirimaid, ɗan gidan wasu gishirai da masana'antu ke sawa su haɗa ruwa da mai aiki, alhali su biyun ba sa ga maciji. Kowace ƙwayarsu tana da kan naitirojin mai cajin lantarki da ke son ruwa, da jela mai son maiƙo. Sai ta ɗauko sinadari daga ɓangaren ruwa ta kai shi cikin mai, ta dawo ta sake ɗauko wani, kamar dillali a kasuwar dabbobi ta Dakoro da ke kai-kawo tsakanin mai saye da mai sayarwa. Ɗan kaɗan ya isa, domin aikin ba ya cinye ta.

Charles Starks, masani a wani kamfanin mai na Amurka, ya bayyana dabarar a 1971: haɗin da ya ƙi motsi kwana da kwanaki ya kammala cikin 'yan awanni da aka sa masa irin wannan gishiri.

Sabulu kuwa yana karya lagon waɗannan gishirai, don cajinsa kishiyar nasu ne. Saboda haka a ɗauraye kumfar sabulu tas kafin a sa maganin a rauni.